Akun da Goggo Ta Hana Ni Saye

Bari in fara da kaina, tunda ni ne wawan labarin. Mutum ya haura sittin, furfura ta cinye masa gemu, gwiwa ta daina jin maganarsa, sai ya wayi gari ya ce shi aku yake so. Ba tunkiyar da za ta haihu ba, ba kazar da za ta yi ƙwai ba, aku. Aka raka shi kasuwa, aka nuna masa wanda zai ɗauka, ya ce to, washegari ya zagaya shi kaɗai ya sayo wanda aka hana shi. Ni ne wannan mutumin. Karatuna a aji biyu ya tsaya, ragowar rubutun a jikin motoci na koye shi lokacin ina kamasho a tashar Jimeta, saboda haka duk inda kuka ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Ba gwaninta ce ta sa na ɗauki biro ba. Goggo ce ta rasu, na kuma zauna na ji abin da aka faɗa a kanta. Duk gaskiya ne, sai dai akwai wurin da aka tsallake.

Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a rumfar ƙofar gida, liman ya gyara murya ya ce, "Baiwar Allahn nan ta tsufa a unguwar nan, kuma ba wanda zai ce ya taɓa jin muryarta ta tsallake katanga." Jama'a suka ce ƙwarai kuwa. Na ɗaga kai na duba, sai na ga wasu magidanta sun sunkuya suna jan carbi da sauri. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya taɓa zama shugaban 'yan sintirin unguwa, yanzu yana sayar da siminti, ya ɗauki buta kamar zai kama ruwa, bai dawo ba sai da aka shafa fatiha.

A cikin gida maƙwabciyarmu ce ta fi kowa kuka, tsohuwar malamar firamare 'yar wajen Numan, da kayan cocinta a jiki. Mata suna ta ce mata ta sassauta, mamaciyar ba ta son hayaniya. Ta ce, "Na sani Adda ba ta so. Ai shi ya sa na bari sai da ta tafi."

Sai mijin 'yata. Ya iso daga Ngurore tun ba a gama wanka ba, ya wuce maƙabarta, ya karɓi diga a hannun masu haƙa. Aka yi aka yi ya miƙa wa wani, ya ƙi, har tafin hannunsa ya fashe. Tela ne, hannunsa bai san diga ba. Masu haƙa suka tambaye ni ko jikanta ne. Na ce a'a, na ja bakina, don ranar ba ranar surutuna ba ce.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta goya ni da uwata ta rasu, kuma gidan nan na cikin Yola da nake zama a ƙofarsa ana ce mini maigida, nata ne. Siririya ce, ba ta sauri, ba ta kira. In tana son ka, sai ta buga faifai a bakin ƙwarya, ka ji ka zo, ba ka ji ba ta yi aikin da kanta ka ji kunya daga baya. Fulatanci ne harshenta, Hausarta kuwa ba ta raba mace da namiji, kowa "ya zo" ne a wurinta, har amarya. Maganarta guda ce kusan a kan komai: "Zauna tukuna." Za ka sayi saniya, zauna tukuna. An zage ka za ka rama, zauna tukuna. Ranar da na zo mata da zancen auren fari haka ta ce, ban zauna ba, auren ma bai zauna ba.

Akwai abin da mahaifina ya taɓa gaya mini sau ɗaya, bai sake ba. Da ƙuruciyarta a gidan surukanta, can kusa da bakin Binuwai, tana da ɗa namiji, ɗan fari. A al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna idonta na kansa, balle a gaban surukai. Wata damina kogi ya cika ya batse, tana sheƙar gero a tsakar gida, uwar mijinta da baƙi suna zaune, ta ga yaron ya bi manyan yara ya nufi ƙofa. Ta san inda za su. Ta dubi surukarta, ta mayar da kai kan faifai. Masunta ne suka samo shi. Ba ta yi kuka an ji ba, aka yi ta yabonta da haƙuri, kuma wani ɗan bai ƙara zuwa ba. Ni aka kawo mata a madadinsa, kun ga an cuce ta sau biyu.

Mijinta fatauci yake yi a jirgin ruwa zuwa Garwa, ya kawo mata aku mai jan wutsiya tun kafin in yi wayo. Tsuntsun ya binne mijin, ya ga aurena kafin shi ma ya mutu. Ina yaro na taɓa fizge masa jan gashi don wani mai magani ya yi mini alkawarin alewa, har yau tabon bakinsa na nan a ɗan yatsana. Goggo ba ta doke ni ba. Ta zaunar da ni gaban keji ta ce in kalle shi har ya daina rawar jiki. Na gwammace duka.

To, ga yadda kwaɗayin aku ya kama ni. A shekarun nan da mutane suka riƙa kwararowa Yola daga arewacin jiha, wasu a ƙafa, wasu a bayan motar shanu, 'yata da mijinta da 'yar ƙaramar 'yarsu suka iso mana ba takalmi. Na kai sunansu wurin mai unguwa kamar yadda aka ce kowa ya yi. Na samo wa mijin tsohon keken ɗinki, ya shige ɗaki da shi. Ba ya zama majalisa, daga masallaci sai gida, in aka yar da kwano sai ka ga ya zabura. Ka tambaye shi me ya faru a can, ya ce, "Sai godiya, Baba." 'Yata da na sani da dariya ita ma ta koma kamar an ɗinke mata baki. Goggo dama kalma goma ta ishe ta wuni. Ni kuwa da baki na ci abinci duk rayuwata. Gida cike da mutane, in yi zolaya ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Na ce wallahi sai na samo abin da zai riƙa mayar mini da magana.

Da na gaya wa Goggo, ta ce, "Zauna tukuna." Na zauna sati guda, na sake tashi. Sai ta ɗauki mayafi ta ce mu je, kada a sayar mini da hankaka.

Muka hau keke zuwa Jimeta, layin masu kaji da tantabaru. Mai tsuntsayen ya ga tsoho da sabuwar hula, ya san kasuwa ta zo. "Alhaji, no wahala, zo ka ga kaya." Goggo ta nemi benci ta zauna, ba ta taya ba, ba ta tambaya ba, kallo kawai. Rana ta dake ni, mai kaya ya gaji da talla ya koma cinikin zakara. Sai a lokacin ta fara magana, ƙasa-ƙasa.

Ta ce in da zan ji, in fara da ɗan koren nan ƙarami, ba ya cin rai, ba ya kuma daɗewa har ya zama gado. Na ce ni mai jan wutsiya nake so. Ta ce to, in dubi ƙasan keji kafin in dubi tsuntsu, kashi ba ya ƙarya. In dubi hanci ko yana yoyo. In sa yatsa a ƙirji, in ƙashi ya yi tsini kamar wuƙa yunwa ko ciwo na cinsa. Wanda ya yi lamo a kasuwa da tsakar rana ba ladabi ba ne, ba shi da lafiya. Sannan ido. "Mai baƙin ido yaro ne, bai ji komai ba tukuna. Mai farin ido ya daɗe a duniya."

Ta nuna mini wani da haɓa, ɗan mummuna, gashi a hargitse, ido baƙi ƙirin, ba ya cewa uffan, sai haƙilon kwance wayar ƙofar keji yake. "Wannan."

Ni kuwa tuni idona na kan wani babba a gefe, mai ido fari-fari kamar ruwan masara. Ina matsawa ya karkata kai ya ce, "Sannu da zuwa," da muryar mace, ras. Ya yi fito, ya yi tarin tsoho, ya yi kukan akuya. Na yi dariyar da na manta rabona da ita.

"Goggo, wannan ai ya gama makaranta. Wancan naki sai na mutu bai iya sallama ba."

"Ƙirjinsa fa?"

Na duba. Ƙirjin ba gashi, fata ce zalla.

"Shi ya fige kansa," in ji ta. Ta juya wurin mai kaya. "Wa ya sayar maka?"

"Mama, mutanen da suka gudo ne. Wata mata ta zo da shi a kwando, tana neman kuɗin abinci."

"Mutum ya bar gado, ya bar tukunya, ya ɗauko tsuntsu a ka, sannan ya sayar." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Aku mai magana gidan wasu yake ɗauke da shi. Ba ka san abin da aka yi a gidan ba, ba kai za ka zaɓi abin da zai faɗa ba. Mu tafi, gobe ka zo ka ɗauki mai baƙin ido."

Gobe na zo. Kun riga kun san wanda na ɗauka.

Da ta gan ni da kejin, ta dubi tsuntsu, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Kwanaki ina gaishe ta tana amsa "jam" kaɗai, lafiya ke nan da Fulatanci, fura kuma ta daina dama mini da kanta. Wannan ne faɗa a wurin Goggo, kuma ya fi zagi ciwo. Na rataye kejin a jikin bishiyar mangwaro ta tsakar gida, ina ba shi gyaɗa da rake, yana yi mini sannu da zuwa ko daga bayi na fito. Na ce a raina tsufa ne ya sa ta tsoro.

Lokacin garin a tsorace yake. Ba a daɗe da fashewar wani abu a Jimeta ba, an binne mutane, kowa na kallon baƙo a kaikaice. Matasa da maharba suka kafa sintiri a kowace unguwa. Wanda suka kama suna miƙa shi ga masu kaki, kuma a kwanakin nan wanda aka sa a bayan mota ba kullum ake sanin inda aka sauke shi ba. Na sha jin ana rage murya in na iso majalisa. Na san zancen: telan nan na gidan kamasho, mai gemu, wanda ba ya kallon idon mutane, me yake ɗinkawa a ɗaki?

Wata ranar bayan la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, sai muka ji harbi. Ba ɗaya ba, a jere, ta-ta-ta-ta, ya tsaya, ya sake. Da ihun mace a ciki. Daga layinmu. Zan so in rubuta cewa gida na nufa da gudu. Kwalbati na shiga, ni da mai rake, gwiwar da ta ƙi ni shekaru ranar ta ba da haɗin kai.

Da na fito na lallaɓa gida, na tarar an kewaye shi. 'Yan sintiri da gora da adda, maharba biyu da bindigar toka. An fito da mijin 'yata tsakar gida, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar gugarmu, an durƙusar da shi. An zazzage ɗakinsa, an farke katifa, ba a samu komai ba sai almakashi da yadin mutane. Wani na leƙa rijiya yana cewa nan aka jefa bindigar. 'Yata na riƙe da 'yarta tana maimaitawa, "Tsuntsun ne, wallahi tsuntsun ne." Shi kuwa mijin idonsa na ƙasa, kamar wanda ya daɗe da sanin ranar za ta zo.

Na ce da shugabansu, "Ɗana, ku saurara, akuna ne. Jiya-jiya na sayo shi."

Wani daga baya ya ce, "Baba kamasho ke nan. Ba kai ka ce dorina ta shigo unguwa ba, muka kwana a kan katanga?"

"Shi ne ya ce an ga wata, muka sha ruwa da rana."

Ba wanda ya yi dariya. Shekara da shekaru ina tara wannan suna, ranar aka biya ni. Shugaban ya ce, "Baba, ka koma gefe. An riga an kira mota. In sun zo ka yi musu bayanin tsuntsu."

Duk muka dubi keji. Akun na tsaye da ƙafa ɗaya yana ɓare gyaɗa.

Sai na ji faifai a bakin ƙwarya. Goggo ce a ƙofar ɗakinta. Ta tako a hankali har gaban shugaban, wanda ita ta yanke masa cibiya, ta ce, "Zauna tukuna."

"Dada, wannan ba maganar mata ba ce."

"Motar ta iso?"

"Tana hanya."

"To kafin ya iso, me za ka yi a tsaye? Aku ba ya magana ana zuba masa ido. Ku koma bayan zana, ku yi shiru. In bai yi ba, ga mutum nan a ɗaure, ba inda za shi."

Ya dubi yaransa, ya yi musu alama. Suka ja mijin 'yata suka koma bayan zanan da ya raba tsakar gida da turken awaki, suka tsugunna. Ni ma aka ja ni.

Ta ramin zana nake kallo. Goggo ta tambayi 'yata, "Kafin ya yi, me aka yi?"

"Ba komai, Goggo. Yarinyar nan ce na ga ta nufi ƙofa, gabana ya faɗi, na daka mata tsawa na fizgo ta, na buga ƙofa."

"Sake."

'Yata ta je bakin ƙofar langa-langa, ta kira 'yarta, ta buga. Muryar na rawa, ba ta fita. Akun ya karkata kai, ya ce, "Sannu da zuwa." Wani a bayan zana ya yi tsaki. Ta sake, wannan karon kuka ya ci rabin kiran. Tsuntsu ya juya mana baya yana gyaran fiffike.

Nan ne na ga ya kamata in taimaka. Na leƙa ta saman zana na yi masa "ta-ta-ta-ta" da bakina, ko zai tuna. Maharbi ɗaya ya dafe mini kafaɗa ya zaunar da ni da ƙarfi. "Kun gani ko? Yanzu yake koya masa." Goggo ta juyo ta yi mini kallon da ta yi mini ranar jan gashi. Na so ƙasa ta tsage.

Rana ta sauka kan katanga. Ba abin da ake ji sai awaki da numfashin mutane. Ina jin ƙamshin man keke a jikin rigar surukina, kafaɗarsa na taɓa tawa, sanyi ƙalau a wannan zafi na Yola. Can sai muka ji ƙugin mota ta karyo kan layi, tana tafiya a hankali saboda ramuka. Shugaban ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Dada, mun yi miki biyayya. Ya isa."

Goggo ba ta dube shi ba. Ta ce da 'yata, "Ba ƙarfin murya yake ji ba. Tsoro yake ji. Matsa."

Ta tsaya a tsakiyar gida ita kaɗai, tana fuskantar ƙofar da ke buɗe. Ba kowa a bakin ƙofar. Ta daɗe tana kallon wurin, a daidai tsayin yaro. Mayafinta ya zame ya faɗi, ba ta ɗauka ba, ga maza cike da gida.

Sai ta kira shi.

Sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, sunan da na sani kawai don mahaifina ya faɗa mini sau ɗaya. Ba zan rubuta shi ba. Ta ƙwala shi da wata murya da ban san tana cikin wannan ƙaramin jiki ba, ta sake ƙwalawa, ta ce da Fulatanci ya dawo, ya dawo, kada ya je. Ta ruga, tsohuwar da ban taɓa ganin ta yi sauri ba, ta kama ƙofar da hannu biyu ta maka ta har katanga ta amsa.

Na ji an kashe mota a waje.

Akun ya kumbura, ya buɗe fiffike, ya saki. Muryar mace tana kiran wani da yaren mutanen duwatsu. Ƙarar ƙofa. Sannan harbin, a jere, kusa, kamar a cikin kunnenka. Duk da mun san daga ina yake fitowa, ba wanda bai kwanta ba, har maharban. Bayan harbin sai wata ƙaramar murya, ba kuka ba, wani abu ƙasa da kuka, ta yi ta yi ta ɗauke.

A waje na ji ana ɗana bindigogi na gaske. Shugaban 'yan sintiri, Allah ya saka masa wannan, ya tashi da hannu sama ya nufi ƙofa yana ihu, "Aku ne, ranka ya daɗe, kada ku harba, aku ne." Aka shigo, aka duba, aka zagi kowa da kowa, aka fi zagina. Babban masu kakin ya tsaya gaban keji ya daɗe, ya juya suka tafi.

Aka kwance surukina. Ba wanda ya ba shi haƙuri, sai "ka san halin da ake ciki" da suka riƙa faɗa suna fita ɗaya-ɗaya, ba mai kallon inda Goggo take. Hannunsa na kwance amma bai tashi ba. Ya toshe kunnuwansa, ya kifa goshi a ƙasa. Goggo ta ɗauki mayafinta ta kakkaɓe, ta shiga ɗaki. Kwanaki ba ta fito ba sai don alwala, muryarta kuma ta dushe har bayan sallah.

Washegari na sauke kejin da niyyar murɗe masa wuya. Faifai ya buga. Na kai mata shi har bakin gado, ina jiran faɗan da na cancanta. Ta ce, "Shi me ya yi? Abin da aka zuba masa ya zubar." Ta sa na rataye shi a ɗakinta, inda ba mai buga ƙofa. Zancen mai baƙin ido ba ta taɓa tayar mini da shi ba, ko sau ɗaya, wannan kuwa ya fi mini nauyi fiye da a ce kullum tana gori.

Shekarun da suka rage mata tare suka yi su. Tana tauna masa gyaɗa, tana fesa masa ruwa da baki in zafi ya yi yawa, tana rufe shi da zanenta in hadari ya taso, don tsawa na tayar masa da abin. Gashin ƙirjinsa ya fito, ban da wani ɗan wuri kamar kwabo. Ya koyi ƙarar faifai a bakin ƙwarya, ya riƙa tayar da ni daga barcin rana a banza, ita kuma tana rufe baki da mayafi kafaɗunta na motsi. Na daɗe ina kasa kunne ko zai maimaita sunan nan. Bai taɓa ba. Rana ɗaya ya ji, rana ɗaya ba ta isar aku. Na gode wa Allah da hakan.

Sau ɗaya na yi gangancin cewa, "Goggo, ashe kina da murya." Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Na tashi na ba kaina aiki a waje.

Surukina kuwa, sati bai cika ba ya ɗaure keken ɗinkinsa ya kwashe iyalinsa suka koma Ngurore. Yana zuwa gaisuwa duk sallah, da ladabinsa, da ɗinkin da ya yi wa Goggo a leda. A zaure yake tsayawa, ita ke fitowa. Tsakar gidan nan bai ƙara taka ta ba. Ni da shi ba mu taɓa zancen ranar ba. Nakan shirya magana tun daga masallaci, in na gan shi sai in ɓuge da tambayar kuɗin masara a kasuwarsu.

Ta rasu da hantsi, ba jinya mai tsawo, ta sha kunu ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Allah ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da wanda ta kira, ya sa wannan karon ya juyo.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, mata suka shiga raba 'yan kayanta, sai aka zo kan keji. Wannan ta ce ita gidan haya take. Waccan ta ce mijinta ba zai yarda da abin da ke harbi ba. Wani ya ce a kai gonakin Mbamba a sake shi, malamar firamare ta ce shaho zai cinye shi kafin magariba, tsuntsun da bai san neman abinci ba. Halina bai bar ni ba ko a ranar, na ce duk mai so ya ɗauka, har da ladan gyaɗa mudu guda. Ba wanda ya yi dariya, na saba.

Sai na ga surukina ya cire takalmi a zaure. Ya ratsa tsakar gida, ya bi ta gefen mangwaron, ta daidai inda aka durƙusar da shi, bai kauce ba. Ya shiga ɗakin Goggo ya tsugunna gaban keji, hannuwansa naɗe da tsumma saboda digar nan. Akun ya karkato farin idonsa ya ce masa sannu da zuwa. Suka daɗe suna kallon juna. Na tsaya a bakin ƙofa, ban san ko in shiga ba.

Bai juyo ba ya ce, "Baba, matar nan da yake kwaikwayon muryarta, cewa take yaron ya shiga ƙarƙashin gado." Ya gyara tsumman hannunsa. "In ba za ka damu ba, ka bar mini shi. Duk garin nan shi kaɗai ya faɗi abin yadda ya faru."

Na buɗe baki, ni da aka sani da baki tun daga tasha har cikin Yola. Aka kira la'asar, ya tashi ya koma zaure ya sa takalminsa. Kejin na nan rataye a ɗakinta, ni ke tauna gyaɗar yanzu da haƙoran da suka rage, kuma har yau ban ba shi amsa ba.